Kiɗan Auta da Waya Ba Ta Ɗauka

Tun da na dawo daga Amurka ban huta ba. A islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kawo mana ruwa sai da ya jingine kurarsa ya ce, "Hajiya, wai da gaske ne can ba a ɗauke wuta?" Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare a nan Funtuwa, na ƙare a shugabar makaranta, kuma duk wanda ya zauna a ajina ya san ba na son a sa ni faɗin magana sau biyu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wadda ta sake tare ni a hanya, takarda zan miƙa mata in wuce.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aike ne. Ƙanena Ɗanlami, autan Innarmu, ya tafi karatun injiniya tun gemu bai fito masa ba. Shekara biyu ya yi ya ajiye littattafai ya ɗauki jita. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, har ya rasu bai sake ambaton sunansa ba, kuma Ɗanlami bai samu zuwa jana'iza ba don a lokacin takardunsa ba su daidaita ba. Inna ce kaɗai ta riƙe shi. Kowace Juma'a zai kira, ta yi masa faɗa, ta sa masa albarka. In mata sun tambaye ta me Auta yake yi a can, sai ta ce yana nema, ta sauya magana.

Shekara biyu da suka wuce wata jikar Inna ta shigo da waya a hannu, wai ga Kawu Ɗanlami ana nuna shi. Muka taru muka duƙa a kai. Maza huɗu ne a kan dandamali. Wani Bature mai gashi har kafaɗa yana gaba, yana waƙa yana kaɗa jita. Wani na dukan ganguna, wani na danna fiyano. Ɗanlami na can baya kusa da mai ganga, rataye da wata doguwar jita, yatsunsa na motsi, kansa na kaɗawa. Muka kasa kunne. Muna jin waƙa, muna jin ganga, muna jin jitar Baturen har tana kashe kunne, amma ta Ɗanlami ko ƙwas. Aka ƙure sautin wayar, aka kanga wa Inna a kunnenta mai ji, aka maimaita sau uku. Ba mu ji komai ba.

Ni ce ma na ƙara wa abin gishiri, ba zan ɓoye ba. Na ƙura ido na ƙirga, na ga jitar Baturen tsirkiya shida gare ta, ta Ɗanlami huɗu. Na ce ai ga magana nan a fili, har yau ba a ciyar da shi aji na gaba ba.

Can Inna ta ce, "Ashe ma ba kiɗan yake yi ba. Tsayuwa yake yi. Da makaɗi ne na gaske da na haƙura. Amma a ce ya bar karatu, ya bar gida, bai ga gawar ubansa ba, don ya je ya tsaya a bayan wasu yana riƙe da itace?"

Daga ranar ba ta sake karɓar wayarsa ba. Kowace Juma'a wayar za ta yi ta kuka a kan tabarma har ta gaji.

Da daminar bara Inna ta kwanta ciwo har muka cire rai. Ta haura tamanin, kunne ɗaya ya tafi, ɗayan na kan hanya. Innar da a dā in tana lugude a gidan biki mata kan bar nasu turmin su zo kallo, don takan wurga taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe, yanzu kofin shayi ma sai an tallafa mata. Da ta samu sauƙi ta kira ni. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta faɗin sunana.

Ta ce, "Ke, ki je ki gano mini yaron nan. Ki ce ya ajiye abin nan ya dawo, gonar ubansa na nan. In ya ajiye, zan ɗauki wayarsa."

Na ce, "In ya ƙi fa, Inna?"

Ta juya fuska bango. Na san abin da nake tsoro, kada ta tafi ba su yi magana ba. Kuma a raina na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, ta ci wata da watanni. Ranar tafiya na shiga mota daga Funtuwa, muka bi Zariya, muka bi Kaduna har filin jirgi, direban yana gudu ina yi masa faɗa, yana cewa "To Mama" yana ƙara taka mai. A jirgi sanyi ya kusa kashe ni, aka ba ni wani bargo da bai kai zanen goyo ba. A filin jirgin da muka sauya jirgi na je yin alwala, na tarar da famfon da ba shi da abin murɗawa. In ka kai hannu ya zubo, in ka janye ya tsaya. Hannu da fuska sun wanku lafiya. Da aka zo ƙafa, famfon ya ce bai san zancen ba. Ina nan ƙafa ɗaya a sama ina kaɗa masa hannu kamar mai kiran tasi, wata tsohuwar Baturiya ta zo ta ajiye jakarta, ta sa hannunta a ƙarƙashin famfon ta riƙe mini ruwan har na gama. Ban san sunanta ba, amma na sa ta a addu'a.

A Atlanta aka duba takarduna. Jami'in, wani baƙar fata mai furfura, ya tambaye ni wurin wa zan je, na ce ƙanena. Ya ce wane aiki yake yi. Nan bakina ya yi nauyi, don shekara talatin da wani abu ban taɓa faɗin kalmar a gaban baƙo ba. Na ce makaɗi ne. Ya ce me yake kaɗawa. Na ce wata jita ce mai tsirkiya huɗu kacal. Sai na ga fuskar mutumin ta washe. Ya ce ai sunanta bes, shi ma ya taɓa riƙe ta yana saurayi amma ta fi ƙarfinsa, in gaishe masa da ƙanen nawa. Na ɗauka ba'a yake yi mini, na karɓi fasfo ɗina ban yi masa murmushi ba. Gaba kaɗan wani ɗan kare mai sanye da riga ya zo ya zauna a gaban jakata, aka buɗe, aka kwashe kilishin da na saya wa Ɗanlami tas, wai ba a shiga da nama. Daddawa kuwa, jami'ar ta kwance ledar ta sunsuna sau ɗaya, ta ɗaure da sauri ta mayar mini.

Wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Greensboro. Na shirya fuskata tsaf, irin wadda nake shiga aji da ita ranar da aka fasa taga. Ina neman saurayin da na sani, sai ga wani dattijo mai farin gemu ya zo ya durƙusa a gabana a tsakiyar mutane, ya ce, "Yaya Rabi, sannu da hanya." Fuskar da na shirya ban san inda ta tafi ba. Ni na goye shi, ni na yaye shi, ga shi ya yi furfura ban gani ba.

Gidansa na unguwar Glenwood, kusa da jami'a. Ɗan ƙaramin tsohon gida ne na katako, in ka taka nan, can ya amsa. Babu katanga, babu zaure, daga titi sai ƙofar ɗaki. Maƙwabtan yawanci ɗalibai ne 'yan haya, suna zaune a baranda da gajeren wando, kowa ya gan ka ya ɗaga maka hannu, amma babu mai shigowa ya ce ina kwana. Matarsa Denise baƙar fata ce 'yar can, ma'aikaciyar jinya. Ta koyi kalmar "Yaya" da "sannu," kuma da su biyun nan ta yi mini hidimar sati uku. Da safe ta ba ni wani abu na masara, ya wuce kunu bai kai tuwo ba, an sa masa man shanu. Da rana ga ganye an dafa shi har ya gaji, ga shayi mai ƙanƙara da sukarin da zai ishi gida guda. Na ci don kara, daga baya na riƙa nema da kaina. Ranar da na kunna turaren wuta kuwa, wani abu a saman ɗaki ya kama ihu, wata ɗaliba ta rugo daga maƙwabta da tukunyar kashe gobara. Ita ce baƙuwa ta farko da na ga ta shigo gidan, ta kuma tafi da turare a ƙullin leda.

A rana ta uku da safe, Denise ta tafi aiki, na kaɗa miyar kuka, muka zauna a kicin na isar da saƙon Inna kalma da kalma. Ya saurara kansa a ƙasa. Sannan ya ba ni labarin da bai taɓa samun mai tambayarsa ba.

Wai a ɗakin kwanan ɗalibai wasu samari suka rasa mai riƙe musu bes, don kowa gaba yake so, suka miƙa masa. Ya ce ranar da ya ja tsirkiyar farko ya ji sautin a cikinsa, ya san karatun ya shiga uku. Kiɗan da suke yi sunansa rok. Shekara goma sha biyu suka yi a wata tsohuwar mota, daga gari zuwa gari, su kwana a ƙasan ɗakin duk wanda ya tausaya musu. Sun buga faifai biyu, waƙa ɗaya ta yi tashe a rediyo na ɗan lokaci, wani kamfani ya yi musu alkawari sannan ya janye, ƙungiyar ta watse. Ya shiga masana'antar kujeru yana goge katako, ƙarshen mako ya kaɗa wa duk wanda ya kira shi. A nan ya koyi gyaran sifika, ya ce guntun karatun injiniyan bai tafi a banza ba. Waƙa kuma sai da ya kai hamsin ya fara, lokacin da aka yi wa Baturen nan mai gashi, Rick, aiki a maƙogwaro, aka rasa mai karɓa masa.

Ya ce, "Ban yi suna ba, Yaya, kuma ba zan yi ba, it's okay. Amma a garin nan in ana neman mai bes, ni ake fara kira."

Na kama hannunsa na duba. Kan yatsunsa ya yi kanta kamar na manomi. Na ji wani abu a raina amma na danne, na ce, "Duk wannan na ji. Inna ta ce ka ajiye."

Ya ce, "In Inna ta ji kiɗan ta ce in ajiye, wallahi zan ajiye, in sayar da komai in dawo. Amma ba ta taɓa ji ba."

Na ce, "Sau uku muka saurara. Babu abin da kake yi."

Ya ce, "A waya?"

Na ce a waya mana. Sai ya kama dariya, har da dafe ciki, har raina ya ɓaci na tashi na bar masa kwanukan. Ya wanke su kuwa, don a can miji na wanke-wanke ba abin magana ba ne. Ya ce in yi haƙuri zuwa Asabar, suna da gwaji.

Ranar Juma'a wani amininsa ya zo ya kai mu masallaci. Alhaji Sumaila, mutumin zangon Kumasi ne, direban bas ɗin gari. Yana buɗe mini ƙofar mota ya ce, "Akwaaba, Hajiya. Ka zo lafiya?" Na waiga in ga namijin da yake gaisarwa, ashe ni ce, haka Hausarsu take. Bayan salla muka je gidansa, uwargidansa ta cika ni da shinkafa da wake irin nasu mai ja, da wani baƙin yaji da ya sa ni hawaye. Da Ɗanlami ya fita ɗauko abu a mota, na tambayi Alhaji gaskiya tsakaninsa da Allah, yaya jama'a suke kallon ƙanena.

Ya ce, "Hajiya, da farko ni ma na guje shi. Na ce guitar man, me zai haɗa mu? Amma lasifikar da ka ji huɗuba da ita yau, shi ya haɗa, shi ke gyarawa, bai taɓa bari an yi masa maganar komai ba. In an yi rasuwa, shi ne first a maƙabarta. Ni dai ba na jin kiɗa, amma mutumin na sani."

Asabar da hantsi muka ɗauki hanyar McLeansville, gabas da gari. Gidaje jefi-jefi, gonaki, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa ko ɗaya. A bayan gidan Rick akwai wani katafaren sito na katako da aka yi don kayan gona, a nan suke gwaji. Rick ya tarye ni da fara'a, gashin ya zama fari fat, ga tumbi. Ban bari ya gama gaisuwa ba. Turancina na aji ne, mai tsabta, na kuwa zuba masa shi. Na ce ina da tambaya. Shekara nawa ƙanena yana binku, me ya sa har yau kai tsirkiya shida, shi huɗu? Me ya sa kullum yana baya? In bai iya ba ku sallame shi, uwarsa na jiransa.

Ɗanlami ya rufe fuska da tafin hannu. Mai ganga ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Rick bai yi dariya ba, kuma a nan ya burge ni. Ya jawo kujera ya ajiye mini a tsakiyar siton, ya ba ni ruwa a kofi, ya ce in zauna in riƙe.

Suka fara. Abin da na fara lura da shi ruwan kofin ne, yana ta rawa. Sai kujerar. Sai na ji wani abu mai nauyi yana shigowa ta tafin ƙafata, yana hawa har ƙirji, yana tafiya da numfashina. Ban san daga ina yake fitowa ba. Ana tsakiyar waƙa Rick ya yi wa Ɗanlami alama da kai, Ɗanlami ya ɗaga hannuwansa biyu sama. Sauran ukun ba su tsaya ba, kowa na yin abin da yake yi. Amma ruwan kofin ya kwanta, kuma kiɗan ya zama wani salam, ƙara ce kawai a sama babu komai a ƙasa, kamar miyar da aka manta ba a sa mata daddawa ba. Mai ganga ya fara gudu, mai fiyano ya bi shi, suka fara taka juna. Sai Ɗanlami ya mayar da yatsunsa, kowa ya koma layi.

Da suka tsaya Rick ya ce, "Madam, ni ana kallona ne. Shi ake bi."

Ɗanlami ya karɓi wayata, ya nuna mini 'yar hudar da sauti ke fita, wadda ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Sannan ya nuna mini sifikarsa, wadda ta kai mini ƙugu. Ya ce sautin bes mai kauri ne, yana can ƙasa, ƙaramar sifika ba ta iya fitar da shi, sai ta zubar da shi ta kawo sauran. Tsirkiyoyin kuma huɗu aka yi ta da su, kowace ta yi kaurin uku na Rick. Na kunna tsohon bidiyon nan a gabansu, ga Ɗanlami yana motsa yatsu, shiru. Kunya ta rufe ni. Shekara biyu uwa ba ta magana da ɗanta saboda hudar waya, kuma ni mai ilimin gidan ni na sa hannu a takardar. Na ba Rick haƙuri, na ba Ɗanlami haƙuri, abin da ɗalibaina za su rantse ban iya ba.

Asabar ta gaba aka yi wani bikin gari a titin Elm, aka hana motoci wucewa. Rana tsaka ne, ga rumfunan abinci, ga iyalai da jarirai a keke, ga karnuka a igiya. Denise ta kawo mini kujerar naɗewa. Alhaji Sumaila, wanda ba ya jin kiɗa, na hango shi can nesa wai masara yake saya, ya kuwa daɗe yana sayenta, ƙafarsa ɗaya na bugun ƙasa. Na jira in ji an fara wasa wani mai hali, ban ji ba. Babu kirari, babu roƙo, babu mai fitowa liƙi. Sun yi kiɗansu, jama'a sun tafa. Tsakanin zango biyu na ga Ɗanlami ya zagaya bayan motar kaya ya shimfiɗa darduma, sauran suka tsaya shan ruwa har ya idar, da alama sun saba.

Yanzu da kunnena ya buɗe, shi kaɗai nake ji. Na lura idon mai ganga ba ya barin hannunsa. Na lura masu rawa ba muryar Rick ƙafafunsu ke bi ba. A waƙar ƙarshe Rick ya ja baya, Ɗanlami ya fito gaba. Shi kaɗai ya fara, bugu mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗauke hannu ya bar wani ɗan gurbi. A cikin gurbin nan titin gaba ɗaya ya tafa sau biyu, Turawa da baƙaƙe, tsofaffi da yara, babu wanda ya ce su yi. Ya sake zagayowa, suka sake. Sannan ya buɗe baki. Da Turanci yake waƙar, amma muryar ta Baba ce, irin wadda yake kiranmu da ita daga zaure, mai kauri, mai ɗan dushi-dushi. Na ja mayafi na rufe fuska na yi kukana, kuma ban ji kunyar kowa ba. Na yi alfahari da shi, ina faɗa a fili.

A mota na ce masa bugun nan na ƙarshe kamar na san shi, amma na rasa a ina.

Ya ce, "Ki kai wa Inna. In ita ma ba ta gane ba, to na ajiye."

Kwana huɗu ya yi yana haɗa wani akwati a baranda, girmansa kamar garwar ruwa, da batir a ciki, ya sa masa waƙar kamar yadda aka ɗauka a titin. A filin jirgi aka ɗora kayana a sikeli, aka ce sun yi nauyi, sai an rage. Na buɗe jaka a gaban jama'a na fitar da takalma da jakunkuna da mayukan da Denise ta saya don rabo, na mayar mata, na riƙe akwatin. Masu ƙorafin ban kawo tsaraba ba, yanzu kun san inda ta tsaya.

Na iso Funtuwa ranar Talata. Bayan la'asar na tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma, an jingina ta da matashi. Ba ta tambaye ni hanya ba.

Ta ce, "Ya ajiye?"

Na ce, "Ya ce ki ji tukuna. In kin ji kin ce ya ajiye, zai ajiye."

Ta ce, "Na ji ai."

Na ce, "Ba ki ji ba, Inna. Ni ma ban ji ba sai da na je."

Na jawo akwatin gabanta, na kama tafukan hannunta na ɗora a kai, don ban yarda da kunnen ba. Na danna. Bugun farko kaji suka watse. Inna ta zabura za ta janye, na danne hannun. Bugu, bugu, sai gurbi, mutanen titin Elm suka tafa. Na ga goshinta ya tattare. Ya sake zagayowa, leɓenta ya fara motsi. A zagaye na uku ta zare hannuwanta daga ƙarƙashin nawa, ta ɗaga su, hannuwan da ba sa riƙe kofi, ta tafa sau biyu daidai cikin gurbin, ta mayar kan akwatin kamar mai cafe abu. Sai a lokacin na gane, ni da na tashi a gindin turmin nan.

Ta saurara har ƙarshe. Da muryar ta shigo ta rufe ido, na san wanda ta ji. Da waƙar ta ƙare ta ce, "Su wa ke tafawa?"

Na ce, "Mutanen garin ne, Inna. Titi guda."

Ta ce, "Yana bayanki nake yin wannan. Ko tafiya bai fara ba." Sannan ta ce, "Ke, kira mini shi."

Ba Juma'a ba ce, amma bugu ɗaya ya ɗauka. Na kanga mata a kunne.

Ta ce, "Auta." Ta saurara. "Kana sauri wurin cafewa. Taɓarya ba ta saukowa da wuri haka, sai ka ba ta lokaci." Daga inda nake ina jin dattijo mai farin gemu yana kuka a wancan gefen duniya. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce, "Ka zo da abin naka in nuna maka."

Ya ce yana nan tafe bayan ƙaramar salla, shi da Denise da jitar. Jiya Inna ta sa aka fito da tsohon turmin daga ɗakin ajiya aka wanke, aka kifa shi a rana.